Damin Gidan Mamba

A garinmu, a kan hanyar Zakirai, in ka ce Mamba ba wanda zai tambaye ka wanne. Mutum ɗaya ne ya taɓa zama ɗan majalisa daga cikinmu, tun zamanin Turawa, kuma tun ranar da ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Ni ban riske shi da ƙarfinsa ba. Abin da na sani wani tsoho ne mai ƙaton ciki, kwance a kujerar zane a bakin zaure, tabarau a goshi, rediyo a cinya, yana amsa gaisuwa da ɗaga yatsa ɗaya. Dattijo mai furfura zai cire takalmi ya durƙusa, yatsan ya ɗago, ya tashi ya wuce. Ban taɓa jin ya ce wa kowa sannu ba.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Rijiyar bakin kasuwa shi ya nemo ta, kuma har yau ruwanta ya fi na burtsatse daɗi. Ɗakin shan magani ma shi ne, da ajin koya wa manya karatun boko. Amma a tambaya wa ya haƙa, wa ya ɗebo ƙasa, wa ya buga tubali. Iyayenmu ne, da gayya, da furar da matansu suka dama a ɗakunansu. Shi nasa aikin ya zo ranar buɗewa cikin babbar riga, ya tsaya kusa da Bature a ɗauki hoto. Babu kwamitin da ba shi ne shugaba ba: na masallacin Juma'a, na masu gyaɗa, na iyayen yara, har na gyaran maƙabarta. In aka yi taro ba a ba shi kujerar tsakiya ba, to a wajensa ba a yi taron ba. Kalmar talaka kuwa ba ta barin bakinsa in yana jawabi, tauna ta yake kamar goro.

'Ya'yansa suna da yawa, daga ɗakuna huɗu. Ɗaya bayan ɗaya ya tura su makarantun birni, daga can Zariya, wasu har Ingila, ba wanda ya taɓa riƙe fartanya a cikinsu. Lokacin yana raye sukan zo da Babbar Sallah su kwana ɗaya, da ruwan shansu a jarka daga birni, don wai ruwan rijiyar da ubansu ke alfahari da ita yana ɓata musu ciki. Matan gari su shiga gaisuwa da ƙwai da man shanu, su fito da tsofaffin zannuwa suna godiya har ƙasa. Tsakanin 'ya'yan nasa ma ba wata jituwa. 'Yan kowane ɗaki da motarsu da inuwar da suke ajiye ta, in an kawo abinci kowa ya ja nasa gefe.

Kakana na wajen uba yana cikin masu bin Mamba lokacin siyasa. Shi ke ɗaukar lasifika a ka daga ƙauye zuwa ƙauye, Mamba na gaba a kan keke. Wata rana rigima ta tashi da 'yan ɗaya jam'iyyar a wata kasuwa, aka fasa wa wani kai, hukuma ta nemi wanda za ta ɗaure. Kowa ya san wanda ya ce a yi dukan. Kakana aka kama. Ya yi shiru a gaban alƙali, ya yi zamansa a gidan yari, ya fito da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Ladan da ya samu gona ce. Mamba ya kira shi zaure ya ce, "Ga jigawar nan ta bakin hanya, je ka noma, kai da 'ya'yanka." Bai ce na ba ka ba. Mamba bai taɓa ce wa mutum na ba ka ba, ko tsohuwar hula ce aro yake bayarwa, don mutum ya riƙa dawowa gaisuwa.

Jigawar nan rairayi ce fari fat a lokacin, tumfafiya ma da ƙyar take tsayawa. Kaka da Baba suka sa ta a gaba. Tokar murhu, kashin awaki, sharar tsakar gida, ba abin da ake zubarwa a gidanmu. A tara, rani ya yi a loda wa jaki a mangala, a kai gona a jera tsibi-tsibi, in ruwa ya kusa a baje. Wasu shekarun har jujin birni Baba ya je ya ɗebo, ya fita bayan sallar asuba ya dawo la'asar da kaya ɗaya tal. Na taso na tarar ƙasar ta yi baƙi, in ka dunƙula ta a hannu sai ta tsaya. Dawa ƙaura muke shukawa da wake a tsakani. Ita ta ciyar da gidanmu, ita ta riƙe ni har na zama malamin firamare. Ba mu da wata gonar. 'Yar wadda Kaka ya gada an raba ta tsakanin 'yan'uwa har ta zama ba ta isa a juya garma ba, Baba ya bar wa ƙannensa rabonsa.

Al'adar gonar aro a wajenmu ita ce, in an yi girbi mai noma ya ɗaure dami ɗaya ya kai gidan mai gona. Ba haya ba ce, dami ɗaya ba ya riƙe gidan kowa. Shaida ce kawai, mutum yana faɗa da kansa cewa ƙasar nan da nake ci ba tawa ba ce. Kaka ya kai har ya rasu, Baba ya ɗora. Kuma ba kowane dami yake kaiwa ba. Sai ya zauna ya tsinci zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta da kyau, ya sa rigarsa ta Juma'a, sannan ya koro jaki.

Mamba ya rasu a shekarar da na fara koyarwa. An yi zaman makoki irin wanda garin bai taɓa gani ba, motoci har cikin gonakin mutane. Kafin sadakar arba'in aka zauna rabon gado, gidajen birni, filayen Kaduna, gonakin fadama, sai da aka raba biyu daga cikin 'ya'yan da suka shaƙe juna a tsakar gida. Jigawar bakin hanya ba wanda ya tuna da ita, don ba ta cikin takarda. Matan suka bi 'ya'yansu birni, sai uwargidan da ta ce ba inda za ta. Baba ya ci gaba da kai mata dami. Ta rasu, ya riƙa kai wa maigadin da aka ajiye. Maigadin ya gaji da zaman da ba mai leƙo shi ya kama gabansa, aka garƙame ƙofar cikin gida da kwaɗo. Baba bai fasa ba. Ya je ya yi sallama a zauren da ba kowa sai jemagu, ya jingine damin a bango, ya yi wa mamatan addu'a ya juyo. Awakin unguwa su shiga su cinye.

Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Na ce, "Baba, waɗanda suka san yadda aka yi duk sun mutu. Mutanen nan ba su san da gonar ba. Ka yi shiru kawai, nan da 'yan shekaru kowa zai rantse taka ce. Kuma ai tamu ce. Wa ya yi zaman gidan yari dominta? Wa ya mai da rairayi ƙasa?"

Ya dube ni ya ce, "Malam," haka yake ce mini in zai yi mini ba'a, "a makarantar taku haka kuke koya wa yara? In mai kaya ya manta da kayansa sai ya zama naka?"

Na ce to ai awaki yake ciyarwa da damin.

Ya ce, "Awakin ma ba su ce gonarsu ba ce."

Na tashi cikin haushi na bar masa wurin.

Shekarar da abin ya faru, sai ga labari cewa iyalan Mamba za su yi taron tunawa da shi a garin, da saukar Alƙur'ani da kafa gidauniya da sunansa. Daga baya muka gane dalili. Ɗaya daga cikin jikokin, lauya ne a Abuja, kowa na ce masa Barista, yana shirin neman takara, aka kuma gaya masa dole ya nuna yana da ƙauye. Shi da gwaggonsa, autar Mamba, wata Hajiya mai awarwaron zinariya har gwiwar hannu, su suka zo share fage. Sau biyu suka ɓata kafin su gane garin iyayensu, sai da ɗan acaɓa ya shige musu gaba. Suka sa aka shafa wa fuskar gidan fenti, fuskar kawai. Ta ciki soraye biyu sun rufta, gara ta gama da azara, sai aka rataya labule a bakin hanyar shiga don kada baƙi su leƙa.

Hajiya ta ce a nemo kayan tarihi a jera a zaure, kujerarsa da rediyonsa da takardun majalisa. Da aka buɗe akwatin ƙarfen da takardun ke ciki, gara ta mai da su ƙasa. Kujerar kuwa tuni maigadi ya hura wuta da ita. Ko a jikinsu. Washegari mota ta kawo wata tsohuwar kujera daga wajen masu sayar da tsofaffin kaya a birni, da rediyo irin na da, aka liƙa musu 'yar takarda cewa nasa ne. Wani tsoho ya leƙa ya ce shi dai a saninsa ta Mamba ta zane ce mai kwanciya, wannan kuwa ta katako ce. Aka ce masa tsufa ne ke damunsa.

Ni ma ina da nawa abin kunyar, kuma gara in faɗa da bakina. Da suka nemi mai gabatar da taro wanda ya iya Hausar mutane kuma yana jin Turanci, ni aka nuna, ban kuwa ce a'a ba. Aka ɗinka mini shadda. Aka ba ni tarihin Mamba shafi uku, wanda wani ya rubuta a Abuja da Turanci, na zauna na mai da shi Hausa da hannuna, har ina gyara masa zance don ya yi daɗin ji. A ciki an ce ya sadaukar da dukiyarsa ga manoma, an ce talaka bai taɓa fita zaurensa hannu wofi ba. Na karanta wannan a lasifika a gaban tsofaffin da suka san gaskiya. Suka yi ta gyaɗa kai, don an ce za a raba shinkafa in an tashi.

Taron ya faɗo a kaka, kwana biyu da gama yankan dawarmu. An kafa rumfuna a ƙofar gidan, manyan baƙi a kujeru masu laushi da aka ɗauko daga birni, mutanen gari a tabarmi cikin rana. An rataya ƙaton hoton Mamba sanye da kwat a wata ƙasa mai sanyi. Ana cikin jawabi na uku, wani farfesa yana bayanin yadda Mamba ya yi gwagwarmaya da Turawa, mutumin da duk hotunansa a gefen Bature aka ɗauke su, sai na hango jaki ya ratso ta bayan motoci. Baba ne, cikin rigar Juma'a, da dami. Tun da safe na roƙe shi ya bari sai an watse. Ya ce shekara nawa yana kai wa bango, yau da Allah ya kawo masu gida sai ya ɓuya?

Masu gadi suka tare shi. Hajiya ce ta hango. Ta ga tsoho da jaki da dami, ta ga masu kyamara suna zaune ba aikin yi, sai ta ce a bar shi ya ƙaraso. Ta yi mini alama in miƙa masa abin magana.

"Baba, kyauta ka kawo mana?" in ji ta, murmushinta na wajen kyamara.

"Ba kyauta ba ce, Hajiya, haƙƙinku ne," in ji Baba. "Damin gona ne."

"Wace gona?"

Ina tsaye kusa da shi ina jin kamar in fizge abin maganar. Shi kuwa ya gyara tsayuwa ya ba da labari tun daga farko, da alfahari, yadda marigayi ya ara wa mahaifinsa jigawar bakin hanya, yadda ba a taɓa fashin dami ba ko a shekarar da ruwa ya yi gardama. Bai ambaci gidan yari ba, don a ganinsa wannan gori ne. Aka yi tafi. Farfesan ya ce ga hujjar duk abin da yake faɗa ta zo da ƙafarta. Hajiya ta share ido da bakin mayafi. Barista bai yi tafi ba. Ya taso ya dafa kafaɗar Baba, abin da ko ni ɗansa ban taɓa yi ba, ya ce, "Baba, bakin hanya ka ce? Wannan titin na kwalta?"

"Shi fa, ranka ya daɗe."

"Tana da girma?"

"Alhamdu lillahi, tana riƙe da gida."

Da aka tashi aka yi turmutsutsun shinkafa, baƙi suka shige motoci. Damin a nan aka bar shi, wani direba ya ja shi gefe da ƙafa don ya samu wurin juya mota.

Aka kwana biyu shiru. Bidiyon Baba ya yi ta yawo a wayoyi, an sa masa kiɗa mai taushi, an rubuta a ƙasa cewa ga irin soyayyar da talakawa ke yi wa Mamba har gobe. Mutane suna tsokanar Baba wai ya zama ɗan fim, shi kuwa yana jin daɗi. Ni hankalina bai kwanta ba. Na ce masa bana ya ɗan dakata da kai taki mu ga abin da za su yi. Ya ce ƙasa ba ta san an yi taro ba. Rani duka ya yi yana jigila, shi da jakin, tsoho da ya haura saba'in. Bana ma takin ya fi na kullum, don wani maƙwabcinmu mai kiwon kaji ya bar masa abin da ya share daga kejinsa. Kafin bazara tsibi ya cika gonar layi-layi, jiran ruwa kawai ake.

Wata Asabar da hantsi motoci biyu suka tsaya a bakin gonar. Barista ne da safiyo mai awon fili da ma'aikatansa, da turakun siminti a bayan a-kori-kura. Baba yana ciki yana gyaran iyaka. Ba su yi masa sallama ba sai da suka ja igiyar awo ta gabansa. Aka aiko aka kira ni, muka ɗunguma zuwa ƙofar mai unguwa.

Barista ya yi bayani cikin natsuwa, rabi Hausa rabi Turanci, ni nake cike wa mutane inda Hausarsa ta ƙare. Gidauniya za ta gina cibiyar koyar da noman zamani a filin, da sunan Mamba, don manoman yankin su amfana. "Domin ku za a yi, Baba," in ji shi. Wato za a ƙwace gona daga hannun wanda ya fi kowa iya noma a garin don a koya masa noma.

Baba bai ja da shi ba. Ya ce, "Gonarku ce, ranka ya daɗe, ban taɓa cewa ba taku ba ce. Abu ɗaya nake nema, a bar ni in ci takina."

Wannan ba roƙon alfarma ba ne. A ƙasarmu duk wanda ya zuba taki a gonar aro, ba a karɓe ta sai ya noma ta damina biyu ko uku, har ƙarfin takin ya ragu. Kowa ya san haka. Mamba da kansa, duk da halinsa, ya sha raba rigima da wannan a zaurensa. Mai unguwa ya ce haka ne, haka aka gada, amma yana faɗa a hankali yana kallon takalmin Barista. An riga an yi masa alkawarin kujera a kwamitin gidauniya.

Barista ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gane. Matsalar taki ce ke nan. To ai wannan mai sauƙi ce. Ba ma son mu ci haƙƙin kowa, kakanmu bai koya mana haka ba. Baba ya kwashe takinsa, kayansa ne. Na ba shi mako guda. In yana so ma in sa a turo masa tifa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Shi a ransa adalci ya yi, har da ƙari. A tunaninsa taki kamar kujerun haya ne, an gama biki a zo a kwashe. Na sama da ke tsibi ana iya kwashewa, to na shekara da shekaru da ya riga ya shige ƙasa fa, da wane shebur za a tono shi? Mutumin da ke son ya wakilci manoma ke nan, jikan shugaban kwamitin masu gyaɗa.

Na kasa daurewa. Na ce, "Barista, ka san wanda ya yi zaman gidan yari a madadin kakanka?"

Ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, ba kai ka karanta tarihinsa ba ranar taro? Ban ji ka faɗi wannan ba."

Gaskiyarsa. Sai Baba ya ce mini, "Rufe mana baki, ba gori muka zo yi ba." Ya yi wa Barista godiya, ya ce tifa a bar ta, yana da jaki.

Ban zauna haka ba. Na nemo lambar Hajiya na kira ta. Ta ce Allah sarki, wannan tsohon mai dami, ai ba ta manta shi ba, amma maganar fili harkar maza ce, za ta sa a aiko masa da shadda. Na je wurin wani abokina da ya san harkar shari'a. Kafin in gama bayani ya zaro wayarsa ya nuna mini bidiyon, ya ce, "Ga babanku nan yana ba da shaida a kan kansa, a lasifika, gaban jama'a." Maganar taki kuwa ya ce ana iya gwadawa, sai dai kafin a saurare ta damina ta wuce, kuma sai in mai haƙƙin ne ya kai ƙara da kansa. Na kawo wa Baba zancen. Ya ce shi ba zai tsaya gaban alƙali da jinin Mamba ba, ubansa ma da ya tsaya shiru ya yi.

Shekara uku ke nan yanzu. An zagaye gonar da bulo, an kafa allo mai hoton Mamba da sunan cibiyar. Ciki ba a haƙa ko harsashi ba. Barista bai samu takarar ba, bai kuma sake tako garin ba, shaddar Hajiya ma har yau tana hanya. In damina ta yi, ciyawar cikin katangar nan tana fin mutum tsawo, kore shar don ƙoshi, ba mai iya shiga ya yanka wa dabba don ƙofar da kwaɗo. Ta wajen nake bi kullum in zan tafi makaranta, kuma har yau ban iya wucewa ban yi tsaki ba. Baba yana gida. Yakan ɗan taya ƙannensa huɗa in jiki ya yarda, hatsi kuwa a kasuwa nake auno mana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makon da aka ba mu. Na ce wa Baba ya bar musu takin nan, me za mu yi da shi. Ya ce a'a. Ya ji ɗaya daga cikin ma'aikatan safiyo yana cewa a sa tsohon nan ya ɗebe ƙazantarsa tana hana su aiki. "An ce in kwashe, zan kwashe," in ji shi. "Ba na barin ƙazanta a gonar mutane."

Washegari da sassafe muka fita, shi da jaki, ni da shebur. Ma'aikatan sun riga mu, suna haƙa ramukan turaku a iyaka, suka tsaya suna kallonmu. Muka fara da tsibin da ke can ƙarshe wajen gamba. Ni ina ɗiba, shi yana riƙe da bakin mangala yana danna takin da hannu don ya zauna daidai a gefe biyu, yadda ya saba. Ko ɓurɓushi bai bari ba, sai da ya tattara na ƙasa da tafin hannu ya zuba. Mangala ta cika, ya ɗaure, ya taɓa jakin da kara, muka ratso gonar tsakanin sauran tsibin har bakin titi.

A nan ya tsaya. Jakin ma ya tsaya. Hagu hanyar gida ce, inda takin ya fito, tsakar gidan da ba ta da wurin shuka ko kuɓewa. Dama hanyar Zakirai ce. Wata mota ta wuce, ta biyu ta wuce, Baba yana tsaye da kara a hannu. Can ya juyo ya ce mini, a hankali, "To ina za mu kai shi?"

Na duba gabas na duba yamma. Gonaki ne ko'ina har iyakar ganina, an share su ana jiran ruwa, kowacce da mai ita. Baba ya tsuguna a bakin kwalta, jakin na tsaye da kaya a bayansa.